Zangon Ƙarshe: Daga Filin Jirgin Kano Zuwa Yasore

Kafin 2023, jirgin da ya taso daga Jidda yakan sauka Kano cikin awa biyar ko ƙasa da haka. A ɗan wannan lokaci ya ƙetare Bahar Maliya, ya ratsa Sudan da Chadi, tafiyar da kakanninmu kan shafe shekaru suna yi a ƙasa. To amma idan fasinjan da ke ciki mutumin Yasore ne, can yammacin Jihar Katsina a yankin Batsari da Safana, saukar jirgi ba ta nufin ya iso. Gabansa akwai layin jami'an shige da fice, da jiran kaya, da kwastan, da cinikin mota a bakin fili, da tasha, da hanyar Katsina mai tsawon kusan kilomita 170. Bayan ita kuma sai hanyar Batsari, wadda matafiya a yau suka fi aunawa da sauran hasken rana fiye da yawan kilomita.

Mun saba ɗora laifin wannan wahala a kan lalacewar al'amura ta 'yan shekarun nan. Akwai gaskiya a ciki, sai dai tushen ya girmi haka. Filin jirgin Kano, wanda shi ne mafi daɗewa a Nijeriya, an kafa shi ne domin masu wucewa. Mai sauka da niyyar shiga gari daga baya ya zo, kuma har yau ba a gama yi masa tanadi ba.

Kafin zuwan jirgi, shiga birni abu ne mai tsari a ƙasar Hausa. Ayarin da ya fito daga Agadas ko Gwanja ba ya faɗawa cikin Kano kai tsaye. Madugu kan sauke jama'arsa a zango, kamar Fagge da ke wajen ganuwa, dabbobi su huta, labari ya shiga gari. Kowace ƙofa tana da sarkinta, kuma da faɗuwar rana ake rufewa. Baƙon ɗan kasuwa yana da fatoma, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali a kasuwar Kurmi, ya kuma tsaya masa idan an yi cinikin bashi. Ladan fatoma daga cinikin yake fitowa, saboda haka amfaninsa ne baƙo ya ji daɗi ya sake dawowa baɗi. Turawan farko ma ta cikin wannan tsari suka shigo. Clapperton, wanda ya shiga Kano a Janairun 1824, ya caɓa ado da kayan sojan ruwa don ya burge mutanen gari, amma da bakinsa ya ba da labarin cewa kowa harkar gabansa yake yi, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Birnin ya riga ya saba da baƙi.

Jirgin ƙasa ne ya fara warware wannan tsari. Dogo ya iso Kano a 1911, aka kafa tasharsa a wajen ganuwa, a ɓangaren da Turawa suka keɓe wa kansu da kamfanoninsu. Mai mulkin mallaka gyaɗa da fata ne a ransa, da yadda za su isa teku. Yadda fasinja zai kai gida da kayansa an bar wa 'yan dako da masu jakuna.

A ranar 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin sukuwa na Kano, a zamanin Sarki Usman na Biyu. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1936, kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, ya haɗa Nijeriya da babbar hanyarsa ta Landan zuwa Afirka ta Kudu. Wasiƙu da jami'an gwamnati ne akasarin abin da yake ɗauka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takwaradi, a harhaɗa su a can, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, har zuwa Alƙahira. Dubban jirage suka bi ta wannan hanya, kuma buƙatarsu ce ta sa aka faɗaɗa filin.

Bayan yaƙi sai Kano ta zama mashayar jiragen fasinja. Jirgin farfela ba ya iya zarcewa daga Turai zuwa Johannasbag da mai ɗaya. Dole ya ƙetare Sahara ya sauka ya ƙara. BOAC da KLM da Sabena duk nan suke yada zango. Fasinjojinsu kan fito su miƙe ƙafa, su sha shayi, su sayi jakar fata daga hannun 'yan koli, su koma kujerunsu. Hotunan lokacin sun adana mana mai kakakin nan da ke bisa raƙumi, wanda kan busa idan jirgi ya tunkaro don a janye mutane da dabbobi daga titi. Abin sha'awa ne, amma a lura da abin da busar take cewa: ku kauce. Dangantakar filin da mutanen gari ke nan a shekarunsa na farko.

Alhazai ne suka mai da shi wurin isowa. Tun a ƙarshen shekarun 1940 Mahmud Dantata da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda har yau sunanta na WAPA yake manne da wata unguwa a Fagge. Da manyan motoci aka fara, ta Chadi zuwa Sudan, kafin jirgi ya karɓe aikin. Da kuɗin man fetur suka shigo, adadin alhazan Nijeriya ya haura 100,000 a 1977, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu ta Kano suka tashi suka sauka. Manomi daga ƙasar Ruma ko ta Yariman Katsina, wanda wataƙila bai taɓa kwana a Kano ba, sai ga shi ya sauko daga Boeing da jarkar zamzam da akwatin tsaraba.

Wa ya kai shi gida? Danginsa. Al'adar tarbar alhaji, inda ake cika mota da 'yan'uwa a tafi Kano, a kwana biyu ko uku a gefen sansanin alhazai ana sauraron rediyo ko jirgi ya taso, mun ɗauke ta a matsayin zumunci da murna kawai. A ganina har da larura a ciki. Gurbin fatoma da madugu ne iyali suka cike, da kuɗinsu da lokacinsu, domin babu wata hukuma da ta cike shi. Jiran nan kuwa ba kullum yake ƙarewa da guɗa ba. A ranar 22 ga Janairun 1973 wani Boeing 707 da ya ɗebo alhazai daga Jidda, wanda aka karkato da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu.

A daidai lokacin da masu isowa ke ƙaruwa, masu wucewa sun fara ɓacewa. Jiragen zamani ba su da buƙatar shan mai a bakin Sahara. Legas ta buɗe sabon filinta a 1979, gwamnati ta koma Abuja a 1991, kamfanonin Turai suka yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya, har KLM ma ya bar Kano a 2012. Abin da ya saura shi ne zirga-zirgar da ke tamu ta ainihi: Hajji da Umara, 'yan kasuwar Kantin Kwari, ɗalibai, da marasa lafiyar da ke dawowa daga Alƙahira.

Shi kuma gari ya taso ya kewaye filin. Wurin da a da yake bayan gari yanzu tsakiyar unguwanni yake, kuma hatsarin jirgin EAS da ya faɗa kan gidaje a Gwammaja ranar 4 ga Mayun 2002, inda fiye da mutum 100 suka rasu, ya nuna kusancin ta hanya mafi muni. 'Yan kilomitoci ne kawai tsakanin ƙofar filin da Sabon Gari. Duk da haka, mai sauka ba shi da wata tsayayyar motar jama'a mai lokaci da sanannen farashi da zai dogara da ita. Ko dai ya ɗauki shatar motar cikin fili a kan abin da aka yanka masa, ko ya kira mota ta manhajar waya, ko ya jawo akwatinsa zuwa bakin titi ya tsai da A Daidaita Sahu. Ita kanta wannan keken an shigo da ita ne a 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, domin ɗaukar mata. Haramta acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, shi ya mai da ita abin hawan kowa. Ba wanda ya zauna ya zaɓe ta a matsayin mahaɗin filin jirgin ƙasa da ƙasa da birni. Abuja ta samu jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai 2024, kuma ko ita ba a ce ta warware matsalar ba.

Mu koma ga mutumin Yasore. Tun bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 aka yi ta ƙoƙarin raba alhazan jihar da zuwa Kano, kuma yanzu daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa suke tashi su sauka. An rage musu babban nauyi. Amma wannan na lokacin Hajji ne. A sauran watanni, mai dawowa daga waje Kano ko Abuja zai sauka. Daga Kano zai nufi tashar Ƙofar Ruwa, ya jira mota ta cika, a bi ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa har Kankiya. Nan hanya ke rabuwa: mai zuwa Safana ya karkata ta Dutsinma, mai zuwa Batsari ya zarce Katsina ya fita ta Ƙofar 'Yanɗaka.

Tun da 'yan bindigar dajin Rugu suka addabi wannan yanki, lissafin isowa ya sauya gaba ɗaya. Jirgin da ya sauka da azahar yana nufin kwana a Katsina, domin mai hankali ba ya kama hanyar da yamma. Jerin gwanon motocin tarba, wanda a da abin alfahari ne, mutane da dama sun daina shi, saboda sanar da dawowar wanda ake zaton ya zo da kuɗi gayyatar masu garkuwa ce. Daga Satumba zuwa Disamban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, wanda ya sauka Kano yana iya kiran Makka daga inda yake tsaye, amma ba ya iya kiran gidansu ya ce ga shi nan tafe. Sai dai ya ba direban tasha saƙo, kamar yadda ake yi kafin a haifi mafi yawanmu.

Dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, zai iya sauƙaƙa wa matafiyin nan zangonsa na tsakiya, muddin an yi tunanin yadda mai akwati zai tashi daga ƙofar filin jirgi ya isa tashar. Daga Katsina zuwa Yasore kuwa, taswirar aikin ba ta bi ta can ba.