Larry Holmes: Zakaran da Ba a Yafe wa Dukan Muhammad Ali Ba

Daren 2 ga Oktoba, 1980, a harabar otal ɗin Caesars Palace da ke Las Vegas, Larry Holmes ya shafe turmi goma yana dukan Muhammad Ali. Shekarun Ali 38 a lokacin, rabonsa da dambe shekara biyu, ga shi ya rage ƙiba cikin gaggawa har jikinsa ya yi la'asar. Alƙalan bayar da maki uku ne, babu ko ɗaya da ya ba shi turmi guda. Bayan na goma, mai horar da shi, Angelo Dundee, ya ce a tsaya haka. Wannan ne karo ɗaya tilo a rayuwar damben Ali da bai kai ƙarshen wasa ba. Holmes ya ci, amma da ake hira da shi bayan wasan sai ga shi yana hawaye.

Ina ganin tun daga wannan dare aka yanke wa Holmes hukunci. In ka zauna a majalisar masu son dambe ka ce a lissafo gwarazan ajin masu nauyi, za ka ji Ali, ka ji Mike Tyson, wanda ya yi ɗan karatu ya ƙara da Joe Louis da Rocky Marciano. Holmes sai an tuna musu, in ma an tuna sai a ce, "wanda ya doki Ali bayan ya tsufa." Shekara bakwai da ya yi yana riƙe da kambu sun taƙaita ke nan a jimla guda.

Abin da ya sa hawayen nan ba na ganin ido ba ne shi ne, a gidan Ali ya koyi sana'ar. An haifi Holmes a 1949 a jihar Georgia, ya tashi cikin talauci a garin Easton na jihar Pennsylvania, ya bar makaranta tun yana yaro don neman abin kai wa baka. Bai je gasar Olamfik ba, saboda haka babu attajirin da ya zuba masa kuɗi a farkon tafiya. Ya zama abokin atisayen Ali a sansaninsa na Deer Lake, ana biyan sa ya sha naushi ya kuma mayar. A nan ya goge makaminsa, wato miƙaƙƙen naushin hannun hagu, wanda masana dambe da yawa ke sa shi cikin mafi kyau da aka taɓa gani a wannan aji. Yawancin 'yan dambe da shi suke auna tazara kawai. Na Holmes kuwa duka ne na gaske: yana kumbura ido, yana hana mutum shirya nasa naushin, yana tara maki turmi bayan turmi.

Ya karɓi kambun WBC ranar 9 ga Yuni, 1978, daga hannun Ken Norton, mutumin da ya taɓa karya wa Ali muƙamuƙi. Bayan turmi 14 dukkan alƙalan uku sun ga kunnen doki ne, don haka komai ya rataya a kan minti ukun ƙarshe. Suka tsaya gaba da gaba suna musayar naushi babu mai ja da baya, a turmin da har yau ake sa shi cikin mafi zafi a tarihin wasan. Alƙalai biyu suka ba Holmes da ratar maki ɗaya, na uku ya ba Norton da ratar maki ɗaya. Holmes ya shiga wannan wasa ne da rauni a damtsen hannunsa na hagu, hannun da ya dogara da shi.

Daga nan ya kare kambu sau 20. Louis, wanda ya riƙe nasa daga 1937 zuwa 1949, ya kare sau 25, Marciano kuwa sau 6. Amma ni ba adadin ne ya fi jan hankalina ba. A Satumba 1979, Earnie Shavers, wanda Ali da Holmes duk suka shaida cewa ba su taɓa jin naushi mai nauyi irin nasa ba, ya sami Holmes da hannun dama a turmi na bakwai. Ya faɗi warwas kamar an sare itace. Ya miƙe, ya lallaɓa har ƙararrawa ta kaɗa, ya kuma gama da Shavers a turmi na 11. Bayan shekara biyu Renaldo Snipes ya sake kayar da shi a turmi na bakwai, shi ma a na 11 aka raba shi da Holmes. Wannan ita ce tambayar da ake yi wa kowane zakara: in an kai ka ƙasa, me za ka yi? Holmes ya amsa ta sau biyu a gaban jama'a. Tyson, duk da tsoron da ya cusa wa duniya, bai taɓa tashi daga faɗuwa ya ci wasa ba.

Masu rage masa matsayi suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Mafi ƙarfi ita ce bai taɓa haɗa kambuna wuri guda ba. A zamaninsa kambun WBA yana ta yawo daga hannu zuwa hannu, amma bai kara da Michael Dokes ba, bai kara da Pinklon Thomas ba, wasan da aka shirya da Gerrie Coetzee na Afirka ta Kudu a 1984 kuma ya rushe. A ƙarshen 1983 ya ajiye kambun WBC maimakon ya fuskanci Greg Page a kan kuɗin da ya raina, ya karɓi na sabuwar hukumar IBF ba tare da ya yi dambe a kansa ba. Gaskiya ne siyasar dillalai irin su Don King ta taka rawa, amma zakara mai neman a jera shi da Louis ba ya fakewa da dillali. Haka kuma a 1983 Tim Witherspoon, wanda wasansa 15 kacal kafin ranar, ya kai shi maƙura har alƙalai suka rabu. Ana kuma cewa zamaninsa ba shi da manya. Wannan hujja ba ta da ƙarfin ta farko, domin Mike Weaver da Trevor Berbick da Witherspoon da James Smith duk sun riƙe kambun duniya bayan ya doke su.

Sai kuma abin da ba na cikin fage ba. A Yuni 1982 ya kara da Gerry Cooney, farar fata ɗan New York, a lokacin da Amurka ta shekara fiye da 20 babu farar fata a kan kambun. Aka tallata wasan a kan launin fata ƙiri-ƙiri. Mai neman kambu ya sami ladan da ya yi daidai da na mai kambu, hotonsa ne ya hau bangon mujallar Time, kuma a daren wasan aka fara gabatar da Holmes sannan Cooney, alhali al'ada ita ce zakara ne ake kira a ƙarshe. Holmes ya gama da shi a turmi na 13. Da aka duba takardun alƙalai, biyu daga cikinsu maki biyu kacal suka fifita Holmes da su, bayan an zaftare wa Cooney maki uku saboda dukan ƙasan mara. Wato ba don zaftarewar ba, a lissafinsu Cooney ne ke gaba. Mutumin da aka yi wa haka ba abin mamaki ba ne in bakinsa ya yi ɗaci.

Ɗacin ya fito a Satumba 1985. Holmes ya ci wasa 48 a jere, saura ɗaya ya kamo Marciano, wanda ya yi ritaya da 49 ba a taɓa doke shi ba. Michael Spinks, wanda ya hauro daga ajin da ke ƙasa, ya kayar da shi da maki. A taron 'yan jarida Holmes ya yi wa marigayi Marciano maganar raini, a gaban ɗan'uwan mamacin. Ya nemi afuwa daga baya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Abin lura a nan shi ne, Marciano ma a 1951 ya yi wa Joe Louis mai shekara 37 dukan da ya kawo ƙarshen damben Louis, kuma ba a taɓa riƙe shi da wannan a matsayin laifi ba. A karo na biyu da Spinks, a Afrilu 1986, alƙalai suka rabu, akasarin waɗanda suka kalla kuwa sun ga Holmes ne ya ci.

A nawa lissafin, Ali da Louis suna sama da shi: Ali saboda ya doke Sonny Liston da Joe Frazier da George Foreman, Louis saboda tsawon mulki. Matsayi na uku tsakanin Holmes ne da Lennox Lewis, wanda ya haɗa kambuna a 1999 kuma ya rama a kan mutum biyun da suka taɓa doke shi. In aka matsa mini zan ba Lewis da ƙyar, saboda batun haɗa kambunan nan. Amma Holmes yana gaban Marciano, yana kuma gaban Tyson.

Na san inda za a tare ni. Ai Tyson ya kwantar da Holmes a turmi na huɗu a Janairu 1988, kuma ya gama da Spinks cikin daƙiƙa 91. Haka ne. Sai dai Holmes na da shekara 38 a daren, ya kusan shekara biyu a zaune, daidai da halin da Ali yake ciki a 1980. Bayan shekara huɗu, yana da 42, ya koya wa Ray Mercer dambe na turmi 12, mutumin da ya ci zinare a Olamfik ta 1988 kuma ba a taɓa doke shi ba, sannan ya kai Evander Holyfield har ƙarshen wasa. Tyson shi ma ya kai shekara 38 yana dambe: a Yuni 2005 ya zauna a kan kujerarsa bayan turmi na shida, ya ƙi tasowa ya fuskanci Kevin McBride. Ba na jin kowa yana auna Ali da daren Las Vegas, ko Tyson da daren McBride. Holmes kaɗai ne a cikin ukun ake kawo wa faifan wasan da ya yi yana da shekara 38.