Garayar Bayan Dutse: Tarihin da Muke Jin Kunyar Rubutawa

Ina ɗan shekara tara ko goma, a wani ƙauye da ke tsakanin Dutse da Kiyawa, na fara jin kiɗan garaya. Bayan an gama girbi ne, dare ya yi nisa, sai iska ta riƙa kawo mana sautin daga bayan duwatsu, tare da kacau-kacau ɗin buta. Na tashi zaune na ce, "Kaka, wane biki ake yi?" Sai ta jawo ni ta lulluɓe da zanenta, ta ce, "Kwanta, ɗan nan, masu abu ne. Ba a tambaya." Tun daga ranar ban sake tambaya ba, amma kiɗan bai bar kunnena ba.

A shekarar 2023 na koma ƙauyen ta'aziyya, sai aka nuna mini tsohon da ke kaɗa garayar nan a wancan zamani. Ya makance, ya daɗe da tuba, ba ya rabuwa da carbi. Garayar tana rataye a ɗakinsa, fatar gadar da aka rufe ta da ita ta tsage. Na ce, "Baba, wa ka koya wa?" Ya yi dariya, ya ce, "Yaro ke nan. 'Ya'yana kasuwa suke, jikokina makaranta. Wa zai so a ce masa ɗan makaɗin bori? Taken kowane iska yana kaina, kuma da ni za a binne shi."

Kafin mai karatu ya ce na sha giyar boko, bari in faɗi matsayina. Ni Musulmi ne, kuma malamanmu sun gama magana a kan yanka wa iskoki da neman taimakonsu, shirka ce, ba na kiran kowa zuwa gare ta. Abin da nake cewa shi ne, cikin kiɗa da rawar bori akwai tarihin Bahaushe mai tarin yawa, kuma muna barin sa ya bi tsofaffi kabari saboda kunya.

Tushen bori addinin Bahaushe ne na kafin Musulunci, wanda Maguzawa suka riƙe har kusan zamaninmu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe da ke hawa Dala ya gana da Tsumburbura, ya sauko ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi. Ya kuma ce Wangarawa sun iso da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Daga nan aka yi ɗaruruwan shekaru ana zaman doya da manja. Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya kori bori daga fada, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'yan taru, inda jajis-jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata, domin su sami abin dogaro da ya fi na magajiyar bori. Da Turawa suka ci ƙasar su ma suka haramta shi. Bayan dawo da shari'a a jihohin Arewa a shekarar 2000, har da Jigawa, sai abin da ya rage ya ƙara shigewa lungu.

A nan ƙasarmu ma ba mu rasa shaidar daɗewar kiɗan al'ada ba. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai zanen shanu na mutanen da, da kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buge su. Wani Bature, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a 1956. Dutse ba ya ruɓewa, shi ya sa suka jira mai bincike. Taken garaya kuwa a kan mutum yake zaune, ba ya jira.

Ga yadda wasan yake. Wanda iska ke hawa ana ce masa doki, in mace ce goɗiya, kuma ba ya shiga fage sai an yi masa girka. Kowane iska da takensa, da tufafinsa, da irin tafiyarsa. Makaɗi zai ɗauko take da garaya ko goge, mata na kaɗa ƙwarya, har iskan ya hau. Daga nan doki ya daina zama kansa. Zai yi tsalle ya faɗo da mazaunai, shi ne jifa, sannan a ƙarshe ya yi atishawa, iska ta sauka.

Inda tarihin yake shi ne su wane ne iskokin. 'Yan bori sun ce suna da birni, Jangare, mai sarki da fadawa da unguwanni. Fremont Besmer, wanda ya zauna da makaɗan bori a Kano ya fitar da littafinsa a 1983, ya lissafa gidaje 12 a birnin. Akwai Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai ado da kyauta da caca. Akwai Malam Alhaji, tsohon malami mai tari da farin kaya. Akwai Kuturu mai dunƙulallun yatsu, da Inna Bafillatana mai nono, da Sarkin Rafi mai hauka, da Sarkin Gwari, da mahauta, da makafi. Dubi jerin nan da kyau, ai garin Hausa ne sukutum. Duk wanda Bahaushe ya taɓa zama da shi, ko ya ji tsoronsa, ya ba shi gurbi a Jangare. Zuwan Malam Alhaji shaida ce ta shigowar Musulunci. Haka a ƙasar Nijar, wajen 1925, aka sami sababbin iskoki masu fareti da sara irin na sojan Faransa, waɗanda Hausawa ke kira Babule. Talakan da bai iya rubutu ba ya rubuta mulkin mallaka da ƙafarsa.

Bayin da aka ƙetara Sahara da su ma sun tafi da abin. Manjo Tremearne ya iske Hausawa na bori a Tunis da Tarabulus, ya buga littafi a 1914. Joseph Greenberg ya rubuta na Maguzawan Kano a 1946. Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin borin matan aure, aka buga a 1954. Abin takaicin, waɗannan littattafai duk da Turanci aka fara buga su. Jikan makaɗin ƙauyenmu in yana son sanin sana'ar kakansa, sai ya nemi Bature.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin wata rawa ta ƙasar Japan mai suna kagura, ta addininsu na gargajiya, Shinto. A tatsuniyarsu, wadda aka rubuta tun shekarar 712, rana ce ta yi fushi ta shige kogo, duniya ta yi duhu, sai wata iska mace ta hau rawa har ta fita hayyacinta, ranar ta leƙo don ta ga abin da ake wa dariya. Wato ita ma kagura da hawan iska ta faro. A 1873 gwamnatinsu ta haramta wa mata masu hawan iska yin duba, amma manoman ƙauye suka riƙe rawar, da gangunanta da sarewarta da fuskokin katako. A Takachiho, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙauyuka kan kwana suna rawa iri 33 don godiyar girbi. Ta dutsen Hayachine kuwa, ƙauyuka biyu ne suka riƙe ta, Take da Otsugunai. Gwamnati ta sa ta cikin kayan gadon ƙasa a 1976, hukumar UNESCO ta karɓe ta a 2009. Su ma matasansu sun gudu birni, amma da suka ga rawar za ta mutu, wasu ƙauyukan suka buɗe ƙofa ga mata da baƙi da 'yan makaranta.

Ban ce mu yi yadda suka yi ba. Su har yanzu bauta suke da rawarsu, mu kuwa Allah Ya yi mana gyaɗar dogo, mun bar wannan hanya. Amma rubuta abu daban, bauta masa daban. Malaman Musulunci na farko ne suka tattara waƙoƙin Jahiliyya, Ibn al-Kalbi har littafi ya yi a kan gumakan Larabawa, kuma ba a ce ya kafirta ba. Hawan Sallar Kano ya shiga kundin UNESCO a 2024, mun yi murna, domin na sarakuna ne. Tarihin mata da talakawa da Maguzawa fa, wa zai ɗauka?

Aikin ba shi da tsada. Muna da jami'ar tarayya a Dutse, da ta jiha a Kafin Hausa. Ɗalibi ɗaya da wayar hannu zai iya zama gaban tsoho ya naɗi take, ya rubuta sunan kowane iska da tufafinsa da labarinsa, ba yanka, ba hawa, a ajiye da Hausa. Marubutanmu kuma, da ke sa boka a littafi don kawai ya raba miji da mata, za su sami abin da ya fi wannan zurfi.

Da zan tafi, tsohon ya sa aka sauko masa da garayar. Tsirkiya ɗaya ta rage. Ya ɗan taɓa ta, sai na ji abin da na ji a ɗakin kakata shekaru masu yawa da suka wuce. Ya ce, "In za ka dawo da abin ɗaukar magana, ka yi sauri, ɗana." Allah Ya ba ni ikon cika alkawari, shi kuma Ya sa ya cika da imani.