Yadda Iska Ta Tashi Daga Abokiyar Injin Dizal Ta Koma Abokiyar Gaba

Wataƙila ka taɓa ganin mai injin niƙa ko mai babban janareta ya canza filtar mai, injin ya ƙi tashi, yana ta danna wani ɗan famfo da hannu yana cewa "iska ce ta shiga". To wannan iskar tana da tarihi, don da farko ma da ita ake tura man.

Rudolf Diesel, Bajamushe da aka haifa a birnin Faris a 1858, ya samu injinsa ya yi aiki sosai a 1897 a garin Augsburg na Jamus. Injin ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi, sai a feso mai ya kama da kansa. Amma yaya za ka tura mai cikin wuri mai matsi haka? A lokacin babu famfon da ke yin aikin yadda ya kamata. Sai ya haɗa wa injin kwamfireso, iska mai ƙarfi ta riƙa huro man ciki. Kwamfireson ga nauyi ga cinye ƙarfin injin, shi ya sa dizal ya daɗe a masana'antu da jiragen ruwa kafin ya hau titi.

A 1910 James McKechnie na kamfanin Vickers a Ingila ya fito da hanyar fesa mai ba tare da iska ba. A 1927 Bosch ya fara ƙera famfon injekta da yawa don sayarwa. Daga nan motocin dizal suka yawaita, har Mercedes ya fitar da ƙaramar mota 260 D a 1936.

Nan fa labari ya juya. Famfon ya dogara ne da abu ɗaya: mai ba ya matsuwa. Ɗan kaɗan yake turawa a kowane bugu, kuma allurar nozul ba ta buɗewa sai ƙarfin ya kai. Gwada da sirinji: cika shi da ruwa, ka toshe bakin da yatsa, ka danna, ba zai motsa ba. Bar iska a ciki, sai ka ji yana lotsawa kamar katifa. Haka famfon ke yi idan ka sa sabuwar filta, tunda cikinta iska ce zalla. Yana bugu, iskar na shanye ƙarfin.

Shi ya sa masu ƙera injin suka sa famfon hannu da notin fitar da iska. Ka sassauta notin da ke saman filta, ka yi ta danna famfon har kumfa ta ƙare mai tsantsa ya fito, sannan ka ɗaure. A tsofaffin injina, in har yanzu ya ƙi, akan sassauta notin bututun nozul a yi kik har mai ya tsirto.

Kada ka ce bari in yi ta kik zai tashi. Famfon DPA da kamfanin CAV ya fitar a 1956, wanda ke jikin tarakta irin Massey Ferguson da yawa, man dizal ɗin ne maiƙonsa. Juya shi a bushe cin ƙarfensa ne, ga batir da kik suna wahala.

Sai tsarin common rail, inda bututu ɗaya ke tara mai da ƙarfi yana raba wa duk nozul. Denso ya sa shi a babbar motar Hino a 1995, Alfa Romeo 156 ta zo da shi a 1997 da ƙarfin ba 1,350. Tayar motarka ba ta wuce ba 2 zuwa 3. Da yawansu suna da famfon lantarki: ka murɗa maɓalli ba tare da kik ba, ka jira, ka maimaita, ya cika filtar da kansa. Wasu har yau na hannu ne, duba littafin injinka.

A irin wannan kada ka kuskura ka sassauta bututun nozul. Man na iya huda fata. Dabarar 1927 ba ta injin yau ba ce.

Kuma abin ya shafe ka ko ba ka da mota, don turakun sabis da yawa a Najeriya da janaretan dizal suke aiki.

Allah ya sa mu amfana.