Daga Rabon Gwandu Zuwa Duniya Ta Uku

Duk wanda ya zauna a aji ya ji an ce Nijeriya tana cikin "Duniya ta Uku", ko kuwa cikin "ƙasashe masu tasowa". Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi wanda ya yi wannan rabo, da irin mudun da ya yi awo da shi. Nufinmu a nan shi ne mu bi sawun al'amarin ta ƙasar Gwandu, domin yankin da Maruda da Kalgo suke ciki ya sha shiga rukuni yana fita.

Kasa ƙasashe kashi-kashi ba baƙon abu ba ne wurin malamanmu. Tun a 1806 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Bayanu Wujubil Hijra, ya bambanta ƙasashen Sudan da Musulunci ya rinjaya a cikinsu da waɗanda ya yi ƙaranci, ya kuma kafa hujja da cewa hukuncin ƙasa yana bin hukuncin sarkinta. Watau ma'auninsa addini ne da inda mai mulki ya fuskanta, dukiya ba ta shigo ciki ba. A wajen 1812 Shehu ya raba tafiyar da mulkin daula biyu, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi. Ta haka ne daga bisani Nufe da Ilori da Yawuri da Sayi da Liftako suka zama masu bin Gwandu. A zamanin nan in ana son sanin matsayin gari, sai a tambayi inda yake kai gaisuwa.

Turawa suka zo da nasu mudun. A 1885 Joseph Thomson ya karɓi takardar yarjejeniya daga Sarkin Gwandu Maliki da sunan kamfanin Ingilishi, a 1895 kuma Jamusawa suka taso daga Togo neman irinta. Amma ainihin rabon can Turai aka yi shi: a 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Baruwa ta bakin tafkin Chadi, a 1898 suka sake gyara shi. Sayi da Liftako suka faɗa hannun Faransa, Ilori da Bida kuwa tun 1897 sojan kamfani ya ci su, Gwandu kanta ta shiga hannun Ingilishi a 1903. Ƙasar da ke bin gari ɗaya ta wayi gari kashi biyu, kowane da harshen makarantarsa da kuɗinsa.

Lafazin "Duniya ta Uku" kuwa wani Bafaranshe masanin ƙidayar jama'a, Alfred Sauvy, shi ya ƙaga shi a 1952. Ya aro shi ne daga tarihin ƙasarsu, inda kafin juyin 1789 ake kasa jama'a uku: limaman coci, da sarakuna, da talakawa. Duniya ta farko ita ce Amurka da abokanta 'yan jari-hujja, ta biyu Tarayyar Sobiyat da 'yan gurguzu, ta uku sauran da ba su nan ba su can. Ya kamata mai karatu ya lura, asalin kalmar siyasa ce. Daga baya ne baki ya karkatar da ita ta koma nufin talauci, har ta zama kamar gori.

Ƙasashen da aka laƙaba wa sunan sun yi ƙoƙarin mayar da shi abin alfahari. Sun taru a Bandung a 1955, suka kafa ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu a Belgrade a 1961. Nijeriya ba ta halarci wannan ba, sai taron Alƙahira na 1964, gama gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta fara ne da yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda aka soke a Janairun 1962 bayan ɗalibai sun yi bore. Nijar kuwa ta ƙulla tata da Faransa a 1961. Ba-ruwanmu ɗin ma ba ta hana Nijeriya sayen jiragen yaƙi daga Rasha ba lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da Yamma ta yi mata rowa.

Shekarar 1971 ita ce ta fi shafar batunmu. A cikinta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ƙasashe 25 ta kira su mafi ƙarancin ci gaba, cikinsu har da Nijar da Dahomey da Upper Volta, watau Benin da Burkina Faso na yau. A cikinta kuma Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC ta masu arzikin man fetur. Ke nan manomin gero na Maruda da takwaransa na Sayi, masu jiran damina ɗaya da fartanya iri ɗaya, sun rabu a takarda: ɗaya ɗan ƙasa mai mai, ɗaya ɗan ƙasa matalauciya.

Wannan ba wasan suna ba ne, gama rukuni shi ke yanke irin rancen da ƙasa za ta samu da irin bashin da za a yafe mata. Shirin yafe wa matalautan ƙasashe bashi da aka fara a 1996 ya amfani Burkina a 2002, Benin a 2003, Nijar a 2004. Nijeriya ba ta shiga ba, sai da ta yi cinikinta dabam da Kulob ɗin Paris a 2005, aka yafe dala biliyan 18, ta biya kimanin 12. A ganina aibin mudun a nan yake. Bankin Duniya yana raba abin da ƙasa ta samu ne da yawan jama'arta, sai kuɗin man Neja-Delta da cinikin Legas su lulluɓe halin ƙauyen da ba shi da rijiya. A 2014 da aka sake lissafi, Nijeriya ta kwana ta tashi ita ce mafi girman tattalin arziki a Afirka, alhali ko damin gero ɗaya bai ƙaru a rumbun kowa ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa kuma a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci mai fuskoki da yawa.

Rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991 ta kawar da Duniya ta Biyu, amma zancen wa kake bi bai mutu ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka, fatauci ya tsaya cik a Kamba har Maris ɗin 2024. A Satumban 2023 Nijar da Mali da Burkina suka ƙulla ƙawance, suka jingina da Rasha, suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, watan da Nijeriya ta zama abokiyar hulɗar BRICS. Takardar ƙawancen nasu kuwa sunan Liftako da Gurma suka sa mata, Liftakon nan da sarakunanta suke aiko da gaisuwa Gwandu a ƙarni na 19.