Dattijon da ya amsa kuskure amma ya ƙi amsa laifi

'Yan uwa, jiya a ajinmu na mastas malaminmu ya haska mana The Fog of War, fim ɗin da Errol Morris ya fitar a 2003. Hira ce da Robert McNamara, sakataren tsaron Amurka daga 1961 zuwa 1968, shekarun da yaƙin Biyetnam ya yi ƙamari. Wallahi har muka koma ɗakin kwana ana ta musu.

Dattijon yana da shekara 85 lokacin hirar. Da bakinsa ya ba da labarin daren da jiragen Amurka suka ƙona Tokiyo a Maris 1945, mutum kusan 100,000 suka mutu, yana cikin masu yi wa Janar Curtis LeMay lissafin hare-hare. Ya yarda cewa da Amurka ce aka ci da yaƙi, da an gurfanar da su a matsayin masu laifin yaƙi. Ya kuma amsa cewa hari na biyu da aka ce an kai wa jiragen ruwansu a tekun Tonkin, ranar 4 ga Agusta 1964, bai faru ba. Da labarin hare-haren nan fa aka samo izinin majalisa na faɗaɗa yaƙin.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2004. Masu yabo suka ce ba kasafai mai mulki ke tona kansa haka ba. Masu suka, irin su Fred Kaplan na mujallar Slate, suka ce dattijon ya yi ta kwana-kwana, yana jingina nauyin a kan Shugaba Johnson alhali da shawararsa aka yi ta ƙara sojoji.

Ni dai da farko tausayinsa na ji, har da ƙwalla a idonsa. Amma a ƙarshe da Morris ya tambaye shi ko yana jin yana da laifi a Biyetnam, sai ya ƙi amsawa. Nan jikina ya yi sanyi.

Ku da za ku fita hira da dattawa don aikin bincike, ku riƙe wannan: wanda aka yi abu da shi shaida ne, amma shaida mai kare kansa. Ku saurare shi da ladabi, sannan ku koma ga takardu ku gwada.

Wanda ya kalla a cikinku, tuba kuka gani ko wanke kai?