Tarihin Kafuwar Wasan Fayis a Arewa da Hannun Ɗan Rabah a Ciki

Duk wanda ya tsaya bayan sallar La'asar a bakin filin fayis a Sakkwato ko Katsina, ya ga mutum huɗu, biyu na karawa da biyu, suna dukan ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango tana dawowa, ga jama'a sun yi cincirindo suna sowa, da wuya ya yarda cewa asalin wannan wasa daga jikin majami'ar wata makaranta ya fito a Ingila, watau Eton, inda ɗalibai suka fara buga ƙwallo a tsakanin ginshiƙan ginin, har aka gina masa filaye na musamman a 1840. Shi ya sa har yau filin yake da bango uku, da ɗan tudu mai raba gaba da baya, da kuma wani ginshiƙi da ya kutso daga hagu, wanda in ƙwallo ta same shi sai ta kauce inda ba a zata ba. A nan ake gane gwani.

Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya shigo da shi Arewa a shekarun 1920, ya kuwa sami gindin zama a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Mutanenmu ba su ɗauke shi yadda ya zo ba: sun bar safar hannu da ƙwallon Turawa mai tauri, suka koma ƙwallon tanis da hannu tsirara, ta haka talaka ma ya sami shiga.

Amma a ganina, da ba don Ahmadu Bello ba, wanda aka haifa a Rabah a 1910, ya koyi wasan a Katsina ya ƙware kafin ya gama a 1931, ya zama Sarkin Rabah a 1934, Sardauna a 1938, Firimiya a 1954, bai kuwa daina shiga fili ba duk da nauyin mulki da ke kansa, da wasan ya tsaya a harabar makarantu ya mutu tare da tafiyar Turawa. Shi ya jawo ministoci da ma'aikata ciki, har Eton ɗin ya je ya buga. Bayan rasuwarsa ran 15 ga Janairu 1966, ƙungiyoyin 'yan wasa na garuruwa suka riƙe amanar, ana kuma gasar Kofin Sardauna tsakanin jihohi.

To, ya ku matasan Rabah da Wurno da Goronyo, al'amarin bai fi bango uku da daɓen siminti ba. Ku kafa ƙungiya, ku yi karo-karo, ku nemi fili wurin hakimanku, ku gina.