Tafkin Keta

Tafkin Keta shi ne tafkin bakin teku mafi girma a ƙasar Gana. Yana yankin Bolta, a kudu maso gabashin ƙasar, kuma wani siririn tudun yashi ne ya raba shi da Tekun Atlantika. Ruwansa ba shi da zurfi, yana da gishiri-gishiri.

Yawancin mazauna kewayensa 'yan ƙabilar Anlo ne, wani reshe na Ewe. Sana'o'insu su ne kamun kifi, haƙar gishiri da noman albasa. Da rani, idan gefen tafkin ya ƙafe, gishiri kan daskare a ƙasa, mata su kwashe shi a kwanduna zuwa kasuwa. A garin Anloga kuwa, manoma kan ja kunyoyi a kan yashi, su zuba taki, su riƙa ban ruwa daga ƙananan rijiyoyi.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a kan Kogin Bolta a 1965, yashin da kogin ke kawowa gaɓar teku ya ragu, teku ta ƙara cin garin Keta. Sare itatuwan gaɓa domin bandar kifi da amfani da koma mai ƙananan idanu sun rage yawan kifi.

A 1992 aka sanya tafkin cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, musamman saboda tsuntsaye masu ƙaura. Daga baya gwamnati ta gina shingen duwatsu don tare igiyar ruwa, ana kuma sake dasa itatuwan gaɓa tare da mutanen ƙauyukan.